Allo Mai Gurbi Biyar

Kafinta ba ya son a tsaya masa a ka idan yana aiki. Amma ranar nan 'yarsa ta tsaya, bai kore ta ba.

Ita ce babbar 'yarsa, malamar Turanci a makarantar firamare da ke bayan asibiti. Kowa Malama yake ce mata, har uwar da ta haife ta. Hawan jini ne ya kayar da ita a gaban aji, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Da aka sallamo ta daga asibiti sai aka kawo ta gidan uban, domin mijinta direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya.

Ƙafa ta dawo. Baki ya dawo, sai ɗan nauyi. Hannun dama bai dawo ba, ba ya riƙe alli. Akwai kuma abin da ya fi wannan, wanda ba a gani daga waje. In ta kalli rubutu, haruffa ba sa tsayawa wuri ɗaya. Ta san kalma, ta san ma'anarta, amma tana kallon B sai ya koma D, kafin ta kama shi ya koma P.

Makaranta ta jira iyakar jiranta. Da safen nan Hedimasta ya zo gida da kansa, ya zauna a benci, ya ce ranar Laraba ta sama Sufeto zai zo daga ofishin ilimi. Malama za ta koyar da darasi ɗaya a gabansa. In ya gamsu, ajinta nata ne. In bai gamsu ba, za a rubuta cewa ba ta iya aiki, a sallame ta.

"Wane darasi?" ta tambaye shi.

"Inda littafi ya tsaya. Kalmomi masu harafi biyar, masu A da I a ciki, da ma'anarsu."

"Ka san ba zan iya rubutu a allo ba."

"Na sani, Malama. Ba ni na yi dokar ba."

Shi ya sa ta zo shago ta tsaya wa uban a ka.

"Baba, allo nake so ka yi min. Mai gurbi biyar a jere. Na uku da na huɗu a buga musu harafi da ƙusa, ba sa motsi. Sauran ukun a bar su, ni zan riƙa sa musu 'ya'yan katako masu harafi ina cirewa."

"Girman me?"

"Kamar tafin hannu kowane ɗaya. Na bayan aji ya gani."

Ya ajiye ƙofar da yake yi, ya tafi kwanar da yake tara guntaye. Ya tsinto ragowar ƙafar gado, da katakon akwatin kaya mai ramin ƙusa, da gefen wani tsohon teburi, da guntun wata ƙofa mai nauyi kamar dutse. Ya yanka su da zarto yadda suka zo. Bai goge ko ɗaya ba.

"Na gwaji ne," ya ce. "In ya yi, a yi na gaske."

Ta zana haruffan da hannun hagu, uwar tana riƙe mata katako. Suka fito a karkace, kamar kaza ta bi ta kan fenti.

Tun daga ranar, bayan la'asar, sai a fito da allo tsakar gida. Kafinta bai san Turanci ba, kuma bai taɓa jin kunyar haka ba. Aikinsa shi ne ya faɗi abu da Hausa, ita ta gina shi da Turanci. Ta faɗa masa ma'anonin sau ɗaya, ya riƙe.

"Kujera."

Ta sa hannu a akwatin da aka zuba 'ya'yan allon. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. "Chair."

"Sarƙa."

Ta cire na ƙarshe, ta sa wani. "Chain."

"Jirgin ƙasa."

"Train."

Kwanakin farko ta sha wuya. Takan ɗauko harafi ta yi ta kallonsa har hawaye ya taru, ta sa ba daidai ba, ta cire. Kafinta ba ya lallashi. Yadda yake yi wa masu koyon aiki haka ya yi mata: ya ƙwanƙwasa benci da ɗan yatsa, ya ce, "Sake."

Uwar tana gefe tana tsintar shinkafa. "Ikon Allah. Wanda ya gudu daga makaranta shi ne yau sufeto."

"Ban gudu ba. Cire ni aka yi."

"Ta taga aka cire ka?"

"Katantanwa," ya ce, bai kalle ta ba.

"Snail," in ji Malama.

"Har katantanwa sun ba ta harafi biyar?" in ji uwar. "Mutanen nan ba su da aikin yi."

Sai abu ya fara sauri. Malama ta daina kuskure. Uwar ta ce ido ya warke, ta gaya wa maƙwabta. Kafinta ma haka ya ɗauka. Ba ido ba ne. Hannunta na hagu ne ya koyi katakon. Mai ramin ƙusa shi ne C. Mai tsaga a gefe shi ne R. N yana da ƙaiƙayin zarto a ka, T ya ɓalle a kusurwa. Babban yatsanta yana zagaya ɗan allo tun yana cikin akwati, kafin ta fito da shi ta san ko wane ne. Takan kalle shi don a ga ta kalla. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta ga yadda fuskar uwarta ta sake, ba ta so ta mayar da ita yadda take.

Wata rana, bayan sun gama, ta daɗe tana riƙe da allon.

"Akwai wata kalma mai A da I, amma ba za ta shiga nan ba. Ta yi tsawo."

"Me take nufi?"

"Jin tsoro."

"To bar ta a waje," ya ce, ya tashi.

Ranar Litinin mai fenti na shagon kusa ya leƙo aron guduma. Ya ga allon a kan teburin aiki. Ya ɗaga shi, ya juya shi, ya yi dariya.

"Wane ne ya yi wannan? Kada ka ce min kai ne."

"Na gwaji ne."

"Da shi za ta shiga gaban Sufeto? A makarantar da duk teburanta aikinka ne? Za su ce tsohon ya tsufa, hannu ya fara rawa."

Kafinta ya karɓe allon daga hannunsa. Tun yana saurayi bai taɓa barin aiki ya fita daga shagon nan da ƙaiƙayin zarto ba. Mutane kan shafa kujerarsa su san tasa ce. Ya kalli ramin ƙusa, ya kalli tsaga, ya kalli haruffan da suka karkace. Ya ga 'yarsa tsaye gaban baƙo da tarkace a hannu, kamar ba ta da uba.

Talata ranar asibiti ce. Uwar ta kai Malama wurin masu motsa hannu, kuma layin can wuni ne. Suna fita ya rufe ƙofar shago rabi. Ya kankare 'ya'yan allon ɗaya bayan ɗaya har suka zama girma ɗaya. Ya cike rami, ya cike tsaga, ya bi su da samfefa, takardar goge katako, har suka yi santsi kamar sabulu. Mai fenti yana zaune kusa, duk wanda aka gama sai ya mayar masa da harafinsa, baƙi, a miƙe. Da fenti ya bushe Kafinta ya shafa musu man sheƙi, ya jera su a kan kanta.

Da yamma Malama ta dawo a gajiye, ta nemi allo.

"Yana shago. Gobe."

"Baba, ko sau ɗaya in bi su."

"Kin iya. Je ki huta."

Da safe ya sa rigarsa ta fita, ya naɗe allon da akwatin a farin ƙyalle, ya riƙe su a cinya cikin tasi. Bai bari ta taɓa ba. Hedimasta ya tarbe su a bakin ƙofa, ya ce Sufeto ya iso, yana ofis yana shan shayi. Ya kai su wani ɗan ɗaki kusa da ajin, inda ake ajiye tsintsiya da karyayyun kujeru, ya ce su jira ƙararrawa.

Kafinta ya ɗora ƙunshin a kan teburi, ya kwance ƙyallen, ya ja da baya. Allon yana ɗaukar ido.

Malama ta matso. Ta sa hannun hagu a akwati. Yatsanta ya zagaya ɗaya, ta sake shi. Ta kama wani. Ta kama wani. Sai ta fara jujjuya su da sauri, suna ƙara.

"Baba, me ka yi?"

"Na gama shi."

"Ina tsagar? Ina ramin?"

"Na cike su. Ba a kai wa mutane aiki da rami."

Ta zauna a kan wata kujera mai ƙafa uku, ta jingina da bango. Bakinta ya ƙara nauyi, kamar kwanakin farko.

"Idona bai warke ba. Ban ga komai a nan ba sai baƙi yana yawo. Hannuna ne yake karanta min. Da ramin nake sanin C. Da tsagar nake sanin R. Yanzu duk ɗaya suke."

Ya tsaya yana kallonta. A waje yara suna shiga aji, ana jan benci.

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Kai me ya sa ba ka tambaya ba?"

Ba ta taɓa mayar masa da magana haka ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wuƙar da yake fiƙe fensir da ita, ya zazzage akwatin a kan teburi.

"Faɗa min."

"R. Tsaga a gefen hagu."

"Ban san R ba. Ƙafar gado ce mai tsaga."

Man sheƙin bai ɓoye jikin itace ba. Ya tona, ya ɗauko wani ja-ja, ya kafa wuƙa a gefensa, ya tsaga. Ya miƙa mata. Ta shafa.

"Shi ne. Ƙara zurfi kaɗan."

Ya ƙara. Ya ɗauko na akwatin kaya, ya murza bakin wuƙa a inda ya cike jiya har ramin ya buɗe. Ya ɓalle kusurwar wani. Ya karce kan wani da ƙarfi, man sheƙi yana tashi fari. Tana karɓa, tana shafawa, tana faɗa: C, T, N, H. Ya kama guntun ƙofar nan mai nauyi, wuƙa ta zame a kansa ta shiga babban yatsansa. Ya jefar da shi gefe, ya tsotse jinin, ya kama mai laushi.

Hedimasta ya turo ƙofa, ya tsaya da baki buɗe.

"Baba, wannan kyakkyawan aiki kake lalatawa?"

"Nawa ne."

"Sufeto ya tashi. Yanzu za a buga."

"A buga."

Aka buga ƙararrawa. Saura uku a kan teburi, har da guntun ƙofar nan, sumul, babu alama a kansu.

"Waɗanne ne?" ta tambaya.

"Mai ciki biyu, da mai ciki ɗaya babba, da mai ciki a sama."

"B da D da P." Ta rufe ido, ta buɗe. "Zan kauce musu. Akwai kalmomin da ba sa bukatarsu."

Ya zuba duka a akwati. Hedimasta ya ɗauki allon, ita ta ɗauki akwatin a hannun hagu, ta fita tana ɗan jan ƙafa. Ba a yarda uba ya shiga aji ba. Ya zagaya ta baya, ya tsaya gefen taga, ya naɗe yatsa da bakin farin ƙyallen.

Yara suka miƙe suka gaishe ta da ƙarfi. Sufeto siririn mutum ne mai tabarau, ya zauna a bencin ƙarshe, gwiwoyinsa sun kusa kai ƙirji, littafin darasi a buɗe a gabansa. Malama ta jingina allon a kan teburi, ta nuna harafi biyun da aka buga da ƙusa, ta yi bayani. Muryarta tana rawa. Sai ta sa hannu a akwati.

Ƙwas. Shiru. Ƙwas. Ƙwas.

"Chair. Kujera."

Yara suka maimaita. Kafinta bai san ko daidai ne ba sai ta sautin. Ya san yadda ƙarar take in abu yana tafiya. Ta biyu ta fi ta farko sauri.

"Chain. Sarƙa. Train. Jirgin ƙasa. Grain. Ƙwayar hatsi. Stain. Tabo, irin wanda ke gaban rigarka, kai mai dariya."

Aji ya fashe da dariya. Ta yi stair, ta sa su nuna matakalar bene da hannu. Ta yi snail, ta sa su tafi a hankali da yatsa a kan benci. Muryarta ta zauna. Hedimasta, da ke tsaye a bakin ƙofa, ya saki kafaɗa.

Sufeto ya ɗaga biro.

"Malama, littafi yana da wasu da ba ki taɓa ba. Ƙwaƙwalwa."

Ta tsaya. Ta sa R a gurbi na biyu. Ta sa N a na ƙarshe. Na farko ya rage a buɗe. Ta fito da sumul ɗin nan uku ta jera a kan teburi, ta kalle su. Kafinta ya ga idonta yana bin su kamar mai bin ƙuda. Wasu yara suka fara raɗa.

"Shiru," in ji Malama. "Ban tambayi kowa ba."

Aji ya yi tsit. Kafinta ya matse yatsansa har jini ya ɓullo ta ƙyallen. Ya san wanne ne. Yana ganinsa daga nan, na tsakiya, guntun ƙofa. In ya buɗe baki ya kashe ta. Ya riƙe bakinsa.

Ta ɗauki na farko a tafin hannu, ta ɗan jijjiga shi, ta ajiye. Ta ɗauki na biyu. Hannun ya ɗan sauka. Ta ɗauki na uku don ta tabbata, ta ajiye, ta koma kan na biyu. Samfefa ta ci tsaga, ta ci rami, ba ta ci nauyi ba.

Ƙwas.

"Brain. Ƙwaƙwalwa."

Yara suka maimaita. Sufeto bai ɗaga kai ba.

"Magudanar ruwa."

Saura biyu, kuma itacensu ɗaya, nauyinsu ɗaya. Ta auna su, ba su gaya mata komai ba. Gumi ya sauko mata ta gefen kunne. Ta cire B daga gurbi, ta tsaya da gurbin a buɗe, har wani benci ya yi ƙara.

Sai ta ɗaga ɗaya sama.

"Kalmar ita ce drain. Da wane harafi take farawa?"

"D," in ji aji.

"Wannan D ne?"

"A'a, Malama."

"Wane ne?"

"P."

"Madalla." Ta ajiye shi can gefe, ta ɗauki ɗayan. Ƙwas. "Drain. Magudanar ruwa. Shi kuma wanda kuka ƙi, ga aikinsa." Ta cire biyun farko, ta sa P, ta laluba ta sa L. "Plain. Abu marar ado."

Da aka tashi yara, Sufeto ya zo gaban aji. Ya ɗebi 'ya'yan allon yana juyawa. Ya sa farce a tsagar R, ya shafa ramin C, ya ga sabon itace fari a ƙarƙashin sheƙi, ya ga ɗigon jini a kan wani.

"Ba ki ga haruffan ba, Malama."

"Ban gan su ba. Ido ba ya tsayar min da su. Hannu ne."

Hedimasta ya sunkuyar da kai.

"To littattafan yara fa? Ta yaya za ki duba aikinsu?"

"Su zo ɗaya ɗaya su karanta min, harafi harafi. Kunnena lafiyarsa lau. Wanda ya kwafa bai iya ba, a nan zan kama shi."

Sufeto ya daɗe yana rubutu. Ya rufe biro.

"Ajin naki ne zuwa ƙarshen zango. Zan dawo, kuma ba zan aiko da rana ba. In na tarar da yara sun tsaya, ba zan duba komai ba." Ya ajiye ɗan allon. "Wa ya yi wannan?"

"Babana."

"Wa ya ɓata shi?"

"Shi ne."

Sufeto ya kalli taga. Kafinta bai sunkuya ba, bai gaishe shi ba.

Suka shiga tasi zuwa gida. Akwatin yana cinyarta, ta ƙi ba shi.

"Darasi na gaba masu O biyu ne," ta ce. "Zan bukaci sababbi. Da yawa."

"To."

"Kada ka goge su, Baba."

"Na ji, Uwata."

Da suka iso uwar ta tare su a ƙofa, ta ga yatsa a naɗe, ta ce wa ya yi faɗa da Sufeto. Malama ta ja ta ciki. Shi bai shiga ba. Ya cire rigar fita, ya rataye a ƙusa, ya tafi kwanar guntaye ya durƙusa. Yana ɗagawa yana zaɓa: mai ido, mai ɓawo, wanda gara ta ci gefensa, mai nauyi, marar nauyi. Duk biyun da suka yi kama sai ya mayar da ɗaya.

Mai fenti ya leƙo.

"Yaya aka yi? Sun yaba aikin? Me za ka yi da wannan shara kuma?"

"Aiki."

"In kawo samfefarka? Tana wurina tun jiya."

"Riƙe ta," in ji Kafinta, ya ɗauki zarto.